Kurman Makirfo

Ku tsaya in ba ku labarin nan da bakina, don in kuka bari Zaharaddini ya riga ni, wallahi sai kun rantse lambar yabo aka ba shi a Furfuri. Ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya, ni Delu na goye shi, amma ko ni ban san inda ya samo bakin nan nasa ba. Takalman gwanjo yake sayarwa a Sabon Gari, cikin Gusau. In ka tambaye shi sana'arsa, sai ya gyara wuyan riga ya ce, "Muna ɗan taɓa harkar shigo da kaya daga Turai."

To bakin nan ne ya kore masa mata. An yi suna a gidan surukansa a Furfuri, matarsa Saude ta yi dambun zogale irin wanda in ka ci sai ka lashe har wuyan hannu. Maza suna ci a ƙofar gida suna santi, sai gogan naku ya ɗaga murya.

"Ai horona ne! Lokacin da na ɗauko ta, ko ruwan zafi ba ta iya dafawa ba. Ni na zaunar da ita na koya mata, tun daga hura wuta."

Ashe Saude tana bayan katanga, a kunnenta. Da aka watse ya ce ta fito su tafi, sai ta aiko masa cewa tunda shi ne malamin, ya je ya girka ya ci. Ita da Gusau kuma, sai ranar da ya dawo inda ya yi maganar, gaban mutanen da suka ji, ya ce ƙarya ya yi.

Da labari ya iske ni a Tsafe na hau mota na zo. Na tarar da yaro ya zabge, wuya kamar mariƙin lema, ga wata tukunya a bakin ƙofa an rufe ta da faranti don kada a ga abin kunya.

Na ce, "Kai, tashi mu je ka ba yarinyar nan haƙuri. Kalma nawa ce?"

"Haba Yaya Delu! Ni in tsaya gaban mutanen ƙauye in ce na yi ƙarya? Ina girmana?"

"Girman naka yana cikin tukunyar can, na jiyo ƙaurinsa tun daga titi."

"Wannan gwaji nake yi. Ke dai ki zuba ido. Biko zan yi irin wanda ba a taɓa yi ba a Zamfara, biko na zamani. Ba zan buɗe baki ba, kiɗa zai yi magana. Tana ji za ta fito da akwatinta a ka."

Ya miƙa hannu ƙarƙashin gado ya jawo jita, irin ta katako mai rami a ciki. Wai wani ɗan bautar ƙasa ne da zai koma gida ya ba shi, shi kuma ya ba shi takalmi sau-ciki. A jikinta akwai wani ɗan abu kamar murfin kwalba, da igiya tana reto.

Na ce, "Ka iya kaɗawa?"

"Yaya, wanda ya iya ɗaure igiyar takalmi, wace igiya ce za ta gagare shi?"

"To ka tafi da ita can ka kaɗa mana."

"A'a. Manya ba sa kiɗa a bainar jama'a kamar maroƙa. A gida ake ɗauka, a situdiyo, sannan a je a kunna."

Na koma Tsafe raina a ɓace. Na kira Kawu Isah, ƙanen mahaifinmu da ke Bungudu, na roƙe shi ya shige mana gaba a je biko kamar yadda aka saba. Ya yi magana da mahaifin Saude, Malam Sama'ila, aka sa rana. Malam ya ce in aka zo ranar ba a daidaita ba, kada wanda ya ƙara tako masa ƙofar gida sai bayan an cire amfanin gona, lokacin kuwa ko shukar fari ba a yi ba.

Ana gobe tafiya muka haɗu a ɗakin Zaharaddini bayan azahar, ni da Kawu da Muktar, makwabcinsa direba, wanda zai kai mu. Da ƙyar muka shiga, don ya jingine katifa a ƙofa, ya toshe taga da bargo, ya bi bango duk ya manna kiret ɗin ƙwai. Ɗakin ya ɗauki zafi kamar gidan burodi, ga ƙarni, ga kyankyasai da suka biyo kiret suna ta shawagi.

Kawu ya zauna yana fifita da hula. "Kai yaro, mi kaka yi haka? Kiwon kaji ka koma?"

"Situdiyo ke nan, Kawu. Duk sirrin yana wurin fikof."

"Fikof? Ka sai mota? To mi za mu yi da ta Muktar?"

"Ba na ɗaukar buhu ba, Kawu. Ga shi nan." Ya nuna murfin kwalbar nan. "Makirfo ne, amma kurma. Jita kawai yake ji. Ko ganga za a buga a ɗakin nan, ko ashar za a yi, ba ruwansa da maganar ɗan Adam. Turawa sun gama aiki."

Na ce, "In kurma ne, kiret ɗin ƙwan na mene ne?"

"Don kada sautin jita ya gudu waje, Yaya. Ki bar harkar da ba ki karanta ba."

Bari in faɗa maku wani abu tun yanzu, wanda mu sai da mai afkuwa ta afku muka sani. Ɗan bautar ƙasan bai yi masa ƙarya ba: in an haɗa abin nan da na'urar da ta dace, motsin katakon jita kawai yake ɗauka. Amma injiniyanmu sai ya cusa igiyar a ramin da ake sa abin saurare na kunne a wayarsa. Ita kuwa waya ta ɗauka abin kunnen aka sa mata, ta yi watsi da fikof, ta buɗe nata kunnen tana naɗar duk abin da ake faɗa a ɗakin.

Ya danna ɗauka, ya rungume jita kamar mai riƙe da jaririn wani, ya kai mata yatsa. Fikof ya faɗo ƙasa, tik.

"Ba komai, zafi ne." Ya tofa masa yawu ya manna. Ya sake faɗowa. Ya tauna cingam ya manna, ya zauna, kafin a jima sai ga tururuwa sun jero a wuyan jita, suna bi ta hannun rigarsa. Ya yi tsalle yana kakkaɓe hammata, fikof ya faɗa cikin kofin shayin Kawu.

Muktar ya ce, "Yanzu kam ya kurumce da gaske."

Zaharaddini ya tsamo shi ya goge da riga, ya ɗauko gam ɗin da yake like takalma, ya lafta. Wannan karon ya kama, har da babban yatsansa. Sai da Muktar ya taka jita da gwiwa, ni na riƙe ƙugunsa muka ja, sannan yatsa ya fito ya bar fata a jiki. Garin haka tsirkiya ɗaya ta tsinke ta tsula wa Kawu a kunne.

"Innalillahi! Wanga abu makami ne?"

"Yi haƙuri Kawu, dama ta yi yawa. Gurmi ma biyu gare shi." Duk da haka ya fita ya kwanto wayar burkin wani tsohon keke ya ɗaura.

Sannan aka fara kiɗa. Jama'a, na ji kukan ƙofar langa-langa, na ji akuya ta maƙale a shinge, amma ban taɓa jin irin wannan ba. Shi kuwa ya lumshe ido yana kaɗa kai. Wata makwabciya ta buga katanga ta ce don Allah in ƙarfe ake yankawa a bari yaronta ya tashi daga barci.

Da ya gaji na ce ya kunna mu ji. Ya danna, shiru, saboda sautin yana bin igiya.

"Ba ya fita," in ji Muktar. "Zare igiyar mu gani."

"Kada ka taɓa! In ka zare, sautin zubewa zai yi. Wannan sauti ne mai nauyi, ƙaramar waya ba ta iya ɗaga shi. Sai a babbar lasifika." Ya sake danna ɗauka ya ci gaba da azabtar da mu.

Zafi da yunwa da zaman banza, kun san abin da suke haifarwa. Muktar ne ya fara. Ya matso da baki kusa da fikof. "Kai kurma, da gaske ba ka ji? To bari in gwada ka. Zabuwar Malam Sama'ila da ta ɓace ranar ɗaurin aure, ba shaho ba ne. Ni na take ta da mota, muka gasa ta a hanyar Karakkai."

Muka kwashe da dariya. Kawu ya ji daɗi, ya gyara zama. "Sama'ila ai tun muna samari nika kada shi kokawa. Kuma hulag ga tashi ja, tun auren fari yaka sa ta. Aradu in an jiƙa ta ga ruwa sai a kaɗa miya, ba a nemi daddawa ba."

Ni ma dai, tunda an ce kurma ne, na ce bari in sa albarka. Abin da na faɗa za ku ji shi a gaba, kuma har gobe ina nan a kan bakana.

La'asar ta yi muka fito muka bar Zaharaddini, ya ce zai ƙarasa wurin da zai sa Saude kuka.

Washegari da hantsi muka kama hanya. Zaharaddini ya sha shadda, ya aro lasifika irin ta masu tallar maganin gargajiya. Jita tana kan cinyarsa, waya a aljihu, igiya ta haɗa su, kowane rami Muktar ya faɗa sai ya ce, "A hankali, za ka girgiza sauti!"

Kawu ya ce, "Yaro, in mun isa ka duƙa ka ce ka tuba. Shi ke nan."

"Kawu, yau bakina hutu yake."

A Furfuri mun tarar an yi shimfiɗa a gindin dalbejiyar ƙofar gida. Malam Sama'ila yana zaune da jar hularsa, ga 'yan'uwa, ga makwabta, kusan duk waɗanda suka ci dambu ranar suna. Ni na shige cikin gida. Mahaifiyar Saude, Inna Suwaiba, ta tarbe ni da fara'a, ta zubo mini tuwo da miyar kuka. Saude ta gaishe ni ta koma gefe tana tsince wake, fuska ba yabo ba fallasa. Na zauna daidai inda nake hango waje ta ƙofar zaure.

Bayan gaishe-gaishe Kawu ya fara, "Malam, yaro ne ya yi kuskure..."

Zaharaddini ya miƙe. "A gafarce ni. Saƙona ba na baki ba ne." Ya ɗora lasifika a kan katanga, ya juya bakinta cikin gida, ya ƙure murya. Ya zare igiyar jita, ya yi maza ya toshe ramin da yatsa kada sauti ya zube, sannan ya cusa igiyar lasifika. Don girmamawa ya durƙusa ya miƙa wa surukinsa wayar da hannu biyu. "Baba, da hannunka mai albarka. Na ƙarshen za ka danna."

Malam ya danna.

Aka ji ƙiii, ƙwarrr, kamar ana jan teburin ƙarfe a siminti. Kaji suka watse. Sai ga murya tangaram, har bayan gari: "Kai kurma, da gaske ba ka ji? To bari in gwada ka. Zabuwar Malam Sama'ila..."

Na hango Muktar yana lalubar makullin mota.

"Zauna, direba," in ji Malam. "Ashe kai ne shahon."

Zaharaddini ya yi wuf zai karɓi waya. "Baba, kuskuren na'ura ne, wata tasha ce ta shigo!"

Malam ya sa waya a aljihun gaba ya dafe. "Tashag ga ta san sunana. Saƙo ka kawo, sai mun ji shi duka."

Sai muryar Kawu: "...aradu in an jiƙa ta ga ruwa sai a kaɗa miya..."

Wani ya tuntsire, ya mayar da ita tari. Malam ya cire hular a hankali, ya juya ta, ya sansana, ya mayar. "Isah, yaushe ka kada ni?"

"Malam, zafin ɗakin ne. Ko kai aka sa ciki sai ka yi saɓo."

"Na ce yaushe?"

"An daɗe. Wataƙila ma kai ka kada ni."

Ni a lokacin ina da loma a hannu, ina addu'ar batir ya mutu. Bai mutu ba. Sai na ji kaina, da muryar nan tawa da ba ta iya raɗa: "Ni abin da ke ba ni mamaki, a ina Saude ta koyi girki? Don ba dai wurin uwarta ba. Miyar Inna Suwaiba in ka zuba wa kare sai ya kai ƙara wurin mai unguwa."

Inna Suwaiba ta dubi lasifika, ta dube ni, ta dubi kwanon da ke gabana, wanda na riga na cinye rabi.

"A ƙaro miya, Delu?"

Na ce, "Alhamdu lillahi, Inna." Ta jawo kwanon daga gabana ta rufe. Saude ta sunkuyar da kai cikin wake, kafaɗunta suna rawa.

Aka ji mun yi sallama mun fita, aka ji ƙarar katifa ana mayarwa a ƙofa. Jita ta yi ƙwarrr sau biyu ta yi shiru. Sai ƙarar cokali yana kankarar gindin tukunya. Sai tauna, ƙurus-ƙurus. Sai wani dogon jan majina.

A waje Zaharaddini ya ce, "Baba, don girman Allah, nan ya ƙare. Sauran shiru ne."

"To mu ji shirun."

Lasifika ta ce, cikin muryar kuka, "Wayyo Saude. Wayyo ni. Shinkafar nan sama ɗanya, ƙasa gawayi, tsakiya kunu. Ta yaya kike yi ne? Kai kurma, kai kaɗai zan faɗa wa, tunda ba ka ji. Ƙarya na yi. Wallahi ƙarya na yi. Ko ruwan zafi ban iya ba, Saude! Shekaranjiya na ɗora, na manta, butar ta narke."

Ƙofar gida ta kece da dariya, har da masu faɗuwa daga tabarma. Yara suka hau katanga. Matan makwabta suka cika tsakar gida, wata da muciya a hannu. Ni kaina na manta da tawa kunyar.

Amma muryar ba ta tsaya ba, ta ƙara yin ƙasa. "Ba ma abincin ba ne. In na dawo daga kasuwa na yi sallama, ba mai amsawa. Jiya na sayo miki gyaɗa mai gishiri, sai da na zo ƙofa na tuna. Tana nan a kan taga. Ni dai ban san yadda ake faɗa a gaban mutane ba."

Dariyar ta lafa. Wallahi sai da na ji tausayin ɗan banzan yaron nan ya kama ni, har idona ya kawo ruwa. Na dubi Saude, ta daina tsintar wake, ta kafa wa tire ido. Can ta ajiye shi, ta ja mayafi, ta je bakin zaure ta tsaya daga ciki.

Zaharaddini yana tsugune, ya rufe kai da babbar riga. Malam ya kashe waya ya ce, "To, jama'a kun ji. Nan ya yi maganar, nan ya janye ta. Saude, mi kika ce?"

Ta ce, "Baba, a tambaye shi, muryar wane ne wannan? Kada gobe ya ce wata tasha ce."

Daga cikin babbar riga aka ji, "Tawa ce."

"Ba mu ji ba," in ji Kawu, wanda yake neman wanda zai fi shi shan kunya.

"Tawa ce! Ƙarya na yi!"

Saude ta ce, "Shi ke nan. A ba ni wayar in riƙe masa, kada sautin ya zube."

Da la'asar muka juyo da ita da akwatinta. Muktar ya bar alkawarin zabuwa, Kawu ya bar sabuwar hularsa a kan Malam ya dawo da kai tsirara, ni kuwa Inna Suwaiba ta raka ni har mota da ƙullin kuka da daddawa, ta ce in je in gwada wa karen unguwarmu. Jita tana can Furfuri, kaza ta yi ƙwai a ramin.

Kuna tsammani ya daddara? Ba mu wuce Bungudu ba ya gyara wuyan riga ya ce, "Kun ga aiki ko? Na ce maku da akwatinta za ta fito. Dama da gangan na tsara..."

Saude, wadda tun da muka taso take latse-latse da wayoyi biyu, ta juyo ta ce, "Yaya Delu, ɗan kira layina mana, in ji ko da sabis."

Na kira. Daga cikin jakarta muryar ƙanena ta tashi, da majina da komai: "Ko ruwan zafi ban iya ba, Saude! Ko ruwan zafi ban iya ba, Saude!"

Ba ta ɗauka ba, ta bar ta ta yi ta yi har ta katse. Har muka shiga Gusau bai ƙara tari ba.

Yanzu haka suna nan lafiya lau, ya murmure har ya yi tumbi. In ya tara mutane a ƙofar gida ya fara, "Lokacin da nake harkar situdiyo...", sai Saude ta leƙo ta ce wa duk wanda ke kusa, "Don Allah ɗan kira ni, ban ga wayata ba."